Giɓi ba wushirya ba ne

A ƙarshen 2021 adaidaita sahun da na shiga a titin Zariya ya taka burki da ƙarfi don kauce wa wata mota, bakina ya daki ƙarfen da ke bayan direba. A lokacin ban ma ji zafi ba. Sai da na sauko na tofar da yawu na ga jini da ɓallin haƙori a ciki. Haƙorin gaba ne na sama, ɓangaren hagu, wanda in ka buɗe baki shi ke fara gaida mutane. Ya tsage har cikin saiwa, babu abin ceto, washegari aka cire ragowar.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Aikina tsayuwa gaban yara ina magana tun safe har azahar. Masu lallashi suka yi ta cewa, "Ai ya yi miki kyau, kamar wushirya." Allah Ya saka musu da alheri, amma giɓi ba wushirya ba ne, kuma madubi ba ya kara. Na je aka yi mini haƙorin roba, irin wanda ake cirewa da dare a jiƙa a kofi, a kan naira 18,000. Na fi shekara ina lallaɓawa da shi. Tun yana kama dasashi gam har ya fara rawa, ina magana ina tokare shi da harshe. Wata Talata ina tsakiyar bayani a aji uku ya fice ya faɗo kan tebur, ya yi tsalle ya tsaya kusa da dasta. Da yaran sun yi dariya da abin ya zo mini da sauƙi. Tsit suka yi, kowa ta sunkuyar da kai.

Da na ba Inna labari sai ta ce in yi haƙuri, in Allah Ya kira ni Makka sai in sa na gwal. Ita nata tun hajjinta na farko yake bakinta yana walƙiya. Na ce mata haƙorin Makka hula ce da ake kifawa a kan haƙorin da ke nan, ni kuwa babu kan da za a sa wa hular. Ta ce to, Allah Ya kyauta.

Wadda ta fara yi mini bayanin dashen haƙori tsohuwar ɗalibata ce da ta karanta likitancin haƙori a Jami'ar Bayero. Ta zo gaishe ni, na ja ta ɗaki na buɗe mata baki. Ta ce, "Malama, robar ba ita ta canja ba, ƙashin ne ya janye." Ashe ƙashin muƙamuƙi saiwar haƙori ce ke riƙe da shi a raye, da an cire haƙori sai wurin ya fara zaizayewa, musamman a watannin farko. Ta zana mini hanyoyi biyu a bayan takardar jarrabawa. Ta farko ita ce abin da suke kira gada: a feƙe lafiyayyun haƙoran da ke hagu da dama, a kifa musu haƙora uku a haɗe. Ya fi sauri, ya fi araha, amma an taɓa haƙora biyu da ba su yi laifin komai ba. Ta biyu ita ce dashe, kuma a nan ta ja layi uku. Dashe ba abu ɗaya ba ne. Akwai kusa mai zare da ake murɗawa cikin ƙashi ta zama saiwa. Akwai ɗan mahaɗi da ake ɗaurawa a kanta ya leƙo ta dasashi. Sai hula, wato haƙorin da mutane ke gani. Ta ce duk wanda ya faɗa mini farashi in tambaye shi na wanne daga cikin ukun yake nufi.

Da ta ce kusar ta taitaniyom ce, sai malamar da ke cikina ta farka. Shekara da shekaru ina rubuta Ti, lamba 22, a allo, ina gaya wa yara cewa ƙarfe ne mara nauyi da ba ya tsatsa saboda wata siririyar fata da iskar oksijin ke yi masa. Ban taɓa kawowa a raina wannan fatar ce za ta sa ƙashina ya rungume shi ba. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya ci karo da abin a 1952, yana binciken gudanar jini a ƙashin zomo. Ya zo cire ɗan bututun taitaniyom da ya sa a ƙafar zomon ya tarar ƙashi ya manne da shi ya ƙi saki. Sai a 1965 aka dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag. Tun daga nan duk shekara sai na ba ɗalibaina labarin zomon nan, kuma shi kaɗai ne ba sa mantawa a jarrabawa.

Kafin ta tafi ta rubuta mini tambayoyi: wa zai yi aikin da hannunsa, kuma yana da rajista da lasisin wannan shekarar daga hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN? Wane kamfani ne ya ƙera kusar? Za a ɗauki hoton ƙashi kafin a huda? In kusar ta ƙi kamawa, wa zai biya na biyu? Da takardar nan a jakata na fara yawo a watan Afrilun 2023.

Wurin farko a Facebook na ga tallansa: dashen haƙori naira 280,000, a gama rana ɗaya. Bene ne a saman wasu shaguna, da tsabtarsa ba laifi. Wani matashi cikin farar riga ya leƙa bakina da ɗan madubi, bai fi minti biyu ba, ya ce, "Hajiya, wannan ai ƙaramin aiki ne, ko gobe kika shirya." Na zaro takardata. Kusar ta wane kamfani ce? Ya ce ta waje ce, mai kyau. Kuɗin har da hula? A'a, wannan daban, sai an zo wurin. Hoto fa? Ya ce ido ya gani, ba sai an wahalar da ni ba. Da na tambayi lasisi sai magana ta fito: shi mai ƙera haƙora ne, likitan da ke hudawa daga wani gari yake zuwa ƙarshen kowane wata, ya yi wa mutane ya koma. Ban raina masu ƙera haƙora ba, sana'a ce mai karatu da hukumarta, kuma hannunsu ne ke fitar da hular da kowa ke yabawa. Amma ƙera haƙori daban, huda ƙashin mutum daban. Kuma in bakina ya kumbura ranar uku ga wata, likitan yana can wani gari, wa zan nema? Na yi godiya na sauko.

Na biyu a Abuja ne, na je wani taron malamai na saci rabin yini. Gilasai, sanyin na'ura, har shayi aka kawo mini. Likitar ta san aikinta, ta amsa duk tambayoyina ba tare da ta ɓata rai ba. Kusar Straumann take sawa, ta ƙasar Suwizalan, tsohon kamfani mai suna a harkar. Kuɗi naira miliyan 1 da dubu 300, komai da komai. Ba ni da abin zargi a kanta. Abin da ya tsayar da ni lissafin zuwa ne: ta ƙirga mini aƙalla sau shida, daga aikin farko, zuwa cire zare, zuwa dubawa, zuwa awo, zuwa gwaji, zuwa ɗaurawa. Kowane zuwa da kuɗin mota, da masauki, da neman izini wurin shugabar makaranta.

Wannan lissafin ne kuma ya kashe shawarar Yaya. Shi ɗan kasuwa ne, ya saba da hanyar Alƙahira, akwai jirgi kai tsaye daga Kano. Ya ce a can aikin ya fi araha kuma likitocin sun ƙware, in shirya ya raka ni. Ban musa masa ba, mutanenmu da yawa na zuwa Masar da Turkiyya da Indiya a yi musu, su dawo lafiya. Amma na ce, "Yaya, tafiya biyu ce fa, tsakaninsu watanni, tikiti biyu, biza biyu, duk a kan haƙori ɗaya." Wanda za a yi wa baki guda, haƙora takwas ko goma, wataƙila rarar ta biya masa jirgi. Mai haƙori ɗaya kuwa, kuɗin jirgin ya fi na haƙorin. Ga kuma abin da ɗalibata ta ja mini kunne a kai: kowane kamfani da irin zarensa da irin mabuɗinsa. In aka sa maka kusar da babu mai kayan aikinta a garinku, ranar da ɗan notin ciki ya saki, sai ka rasa mai ɗaure maka.

Na uku a nan Kano ne, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, dattijo mara yawan fara'a, yana ganin mutane da yamma. Ya ɗauki kusan minti arba'in kafin ya ambaci kuɗi. Kina shan taba? Maigidanki fa, yana sha a ɗaki? Kina cizon haƙora cikin barci? Akwai maganin ƙarfin ƙashi da kike sha? Suga fa? A nan na ɗan yi jim. Shekara huɗu ke nan da aka ce ina da shi, amma magani sai na ga dama, kuma shayi ba na iya shan sa lami. Ya tura ni gwaje-gwaje biyu: hoton da suke kira CBCT, wanda ke nuna kaurin ƙashi ta kowace fuska ba kamar hoton da aka saba ba, da gwajin jini na HbA1c, wanda ke tona asirin sugan mutum na kusan wata uku baya. Shi wannan gwajin ba a yi masa dabarar ƙin karyawa da safe.

Sakamako ya fito 8.9. Hoton kuma ya nuna ƙashin wurin ya sirance kamar bakin wuƙa, sai an yi masa ciko kafin ya riƙe kusa. Ya ajiye takardun ya ce ba zai taɓa ni ba sai sugan ya sauko kusa da 7. Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, bakina ne fa, kuma kuɗina ne." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, in na karɓi kuɗinki yau, nan da wata shida kika dawo da kusa a ƙulle a gefen mayafi, wa za ki zaga?" Ya yi mini bayani cewa suga in ya yi yawa rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma sun samu gona, ƙashi ba zai kama ƙarfen yadda ake so ba. A hanyar gida ina ta mita, amma kafin in kai ƙofa na san shi zan koma wa. Cikin mutum uku, shi kaɗai ya ƙi kuɗina.

Ya rubuta mini lissafinsa dalla-dalla a takarda mai hatimi. Ganin likita 10,000, hoto 35,000, wankin haƙora 20,000, kusa da aikin dasa ta 330,000, cikon ƙashi 110,000, mahaɗi da hula 150,000. Jimla naira 655,000. Kusar Osstem ce, ta Koriya ta Kudu, ya ce ya zaɓe ta ne don likitoci da dama a ƙasar nan suna da kayan aikinta, ko ba ya nan wani zai iya ci gaba. In ta ƙi kamawa cikin shekara, bisa sharaɗin na kiyaye sugana kuma ina zuwa dubawa, zai sake dasawa ba kuɗin aiki. Wannan ma na sa ya rubuta. Na leƙa teburin inshorar lafiya ta ma'aikata ko za a rage mini wani abu, aka ce cire haƙori da cike kogonsa suna ciki, amma dashe ba ya cikin abin da ake biya.

A nan ne na tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na ɗauki takardar nan na adana a cikin littafi kamar farashin zai jira ni. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai. Lokacin da na karɓi lissafin, dala ba ta kai naira 800 ba a kasuwar canji ta Wapa. Kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kusa, mahaɗi, garin ciko, har zaren ɗinki, babu wanda ake yi a nan, duk da dala ake shigo da su. Ni kuwa ina can ina fama da faten acca da ganye, ina zagaye filin makaranta da yamma, ina jiran kwasar adashina ta Disamba. Da na koma da gwaji 7.1 ina murna, sai ya jawo sabuwar takarda: kusa da aiki 590,000, ciko 190,000, hula kuma ya ce ba zai yanke ba sai lokacinta ya zo. Ya ce da na ajiye kuɗin kusar tun farko, da ya saya ya ajiye mini da sunana, ai ba ta lalacewa a cikin kwalinta. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Abin da ya cece ni 'yan kunnen gwal ɗin aurena ne, don shi gwal tare da dala yake tashi. Na sayar da gwal na sayi taitaniyom, maigidana ya cika sauran.

Akwai tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar ɗalibata, ni na ƙara ta da kaina: garin cikon nan na mene ne? Ashe iri-iri ne. Akwai wanda ake sarrafawa daga ƙashin saniya, akwai na haɗin sinadarai zalla, akwai kuma wanda ake karta daga ƙashin mutum kansa. Sannan akwai wata 'yar fata da ake rufe garin da ita, kuma wasu sanannun irinta daga jikin alade ake samo su. Likitan ya ce mutane kaɗan ne ke tambaya, amma shi ya saba ajiye wadda ba ta alade ba. Ya miƙo mini kwalin na karanta da idona. Ban shiga neman fatawa ba tunda akwai zaɓi.

Mun sa rana a tsakiyar Fabrairu don in warware kafin azumi. Duk tsoron da na kwana da shi, allurar kashe wurin ce kawai ta yi zafi, ita ma ta cikin ganda. Bayan nan sai ƙara da girgiza. Yana huda ƙashin da ƙananan barima, daga siriri zuwa mai kauri, ruwan gishiri mai sanyi yana ta feshi ana zuƙewa. Daga baya na tambayi dalilin ruwan, ya ce ƙashi in ya yi zafi ya haura digiri 47 na ɗan lokaci sai ya mutu, mataccen ƙashi kuwa ba ya kama komai. Sai na ji yana murɗa wani abu ƙas, ƙas, ƙas, kamar bakanike yana ɗaure taya, a cikin kaina. Ya zuba garin, ya rufe, ya ɗinke. Awa ɗaya da 'yan mintuna. Kafin in fita ya ɓamɓaro wata 'yar takarda daga kwalin kusar ya manna mini a kati, ɗauke da sunan kamfani, da tsawo da kauri, da lambar ƙira. Ya ce in ajiye ta tare da takardun gida.

Kwana uku leɓena na sama ya kumbura kamar an cusa lemon tsami. Alale da ƙwai da kunu mara suga mai sanyi, sai kurkure baki da maganin da ya ba ni. Rana ta goma aka cire zare. Ya rarake cikin tsohuwar robata don kada ta danna wurin, na ci gaba da sa ta a aji. Sai jira. Ƙashin sama ya fi na ƙasa laushi, ga kuma ciko, don haka wata shida ya yanka mini. Wannan jiran shi ne ɓangaren da masu talla ba sa faɗa: ka biya mafi yawan kuɗin, ka sha allura, ka duba madubi, giɓinka na nan yadda yake. Na yi azumi, na yi sallah ƙarama da babba, ban gatsa nama da gaban baki ba.

Ranar da aka ba ni ta buɗe wurin ta faɗo farkon Agusta, daidai lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Kano. Waya ɗaya muka yi aka ɗaga zuwa mako na gaba. Na tuna da a Alƙahira ne da tikiti a hannuna. Ya ɗan tsaga dasashin, ya ƙwanƙwasa kusar ya ji ta kama, ya ɗaura wani ɗan murfi na mako biyu don naman ya zagaye shi ya yi siffar wuyan haƙori. Sannan aka ɗauki awo aka aika Legas. Wurin zaɓen launi muka ɗan yi ja-in-ja. Ni na nuna mafi fari a jerin, tunda dai kuɗi zan biya. Ya ce, "Malama, haƙorinki na kusa ba fari ba ne, shekara arba'in da biyar yana shan shayi." Hular farko da ta zo ta ɗara 'yar'uwarta tsawo da ɗan kaɗan, ni ban ma lura ba, shi ya mayar da ita. Ta biyu ta zauna. Mahaɗi da hula sun tashi a 260,000.

Na zauna na tara komai, har magunguna na 25,000 da gyaran roba na 15,000: naira miliyan 1 da dubu 145, ban da kuɗin adaidaita da gwajin suga. Kusan ninki biyu na takardar farko, kuma ninki huɗu na tallan Facebook, wanda har yau ban san nawa zai zama ba in an haɗa masa hula da ciko.

Haƙorin ba ya jin komai. Haƙorin Allah yana da wasu siraran jijiyoyi tsakaninsa da ƙashi da ke gaya maka ka taka tsakuwa a shinkafa; wannan kuwa in na ƙwanƙwasa shi kamar na ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙwaro ba ya cin sa, amma dasashin da ke kewaye da shi yana iya ruɓewa ya ci ƙashin har kusar ta saki, shi ya sa nake bin gefensa da zare kullum dare, asuwaki kuma a hankali, duk wata shida in je a duba. Rake da ƙashin kaza da fasa aya da gaban baki, mun yi sallama.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je gida. Na zauna gaban Inna na yi ta murmushi ba dalili, ba ta ce komai ba. Da na gaji na ce, "Inna, ba ki ga haƙorin ba?" Ta jawo ni bakin ƙofa wurin haske, ta kama haɓata, ta juya fuskata hagu da dama. Ta ce, "Wanne ne a ciki?" Na nuna mata. Ta tambayi kuɗin, na faɗa mata. Ta saki haɓata, ta yi salati, nata na gwal yana ƙyalli, ta ce, "Miliyan guda har da ɗoriya, kuma ba wanda zai san kin sa?"